Saran Farko a Gonar Tudu

Zuru, ranar Talata, cikin Afrilu

Ɗan'uwana Philemon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yau na tashi da sauƙi, sai dai gwiwoyi. Yaya naka jikin, yaya Kaduna da jikoki? Na rubuto ne don waya ba ta yi mini amfani. Kunnena ya yi nauyi, kai kuma tun muna makaranta ciki-ciki kake magana.

Zafin bana ya wuce misali. Rana na fitowa sai duwatsu su ɗau wuta. Na daina zuwa kasuwa, coci ma na bari. Malamar asibiti ta ce in riƙa zagaya gida da sanyin safiya, na ce mata to. Amma ni, ko da na yi koyarwa, manomi ne. Gonar da ta gaji barinta ake yi ta huta, ta dawo da ƙarfinta. Haka nake yi wa ƙafafuna, ina ajiye su saboda damina.

Ka san al'adar gidanmu: ranar gayya maigida ne ke hawa gonar tudu ya yi saran farko. Shekarar da ya kasa, ya sauka ke nan, gona ta koma hannun na baya. 'Yata Rachel ta ce in na kasa bana za ta kwashe ni zuwa Abuja, kamar yadda ɗanka ya kwashe ka. Kada ka ji haushi, amma ba na son in ƙare kwanana ina leƙen motoci ta taga. Kabarin matata Gladys yana nan bayan gida. Wa zai cire masa ciyawa?

Ka gai da iyali.
Naka, Japhet

Zuru, ranar Alhamis, cikin Yuni

Ɗan'uwana Philemon,

Ina gaisuwa, da fatan tarin nan ya sake ka. Ni jiki ba daɗi.

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, na ɗauki sanda don in karɓi ajiyata. Ban kai bakin rijiya ba ƙafafun suka ƙi. Na zame a laka, na zauna nan har maƙwabciyata Rahmatu ta zo ta ɗaga ni, tana faɗa wai soja ma yakan nemi taimako, balle tsohon malamin makaranta. Malamar asibiti ta ce ƙafa ba gona ba ce, fartanya ce, wadda aka jingine tsatsa take yi.

Yanzu ina son tafiyar, sama ta hana. In na shirya sai hadari ya haɗo. In ya wuce, hanya ta yi santsi, sanyi kuma ya shiga gaɓoɓi. Na koma zagaya ɗaki ina dafa bango.

Joel ɗan ƙanena, wanda gonar za ta koma hannunsa in na sauka, ya zo gaishe ni. Ya durƙusa har ƙasa, ya tambayi jiki, amma idonsa na kan gwiwoyina. Ban ga laifinsa ba, yana da bakuna da yawa a gida. Rachel ba ta san na faɗi ba. Kada ta ji daga bakinka.

Naka, Japhet

Zuru, ranar Asabar

Ɗan'uwana,

Gaisuwa a gurguje. Na kwana lafiya, gwiwa ɗaya ce ta kumbura. Yau ce gayyar.

Na yi dabara. Ka tuna Yero, makiyayin da ke kawo shanunsa su ci karan gonata bayan girbi su bar mini taki? Na aika masa, ya ce zai zo da jakinsa ya hau da ni, wai da tsoho da buhun gishiri duk ɗaya ne a wurin jaki. Al'ada cewa ta yi maigida ya hau, ba ta ce da ƙafa ba.

An yi ruwa da asuba, rafin da ke tsakaninmu da rugar Yero kuwa yakan cika. Joel ya ce za su jira ni har hantsi. Na sa takalmin roba, fartanya tana jingine a ƙofa. Ka sa ni a addu'a.

Naka har kullum,
Japhet

Na ƙara wannan da yamma. Da hantsi ya wuce na ji kiɗan gayya ya tashi a kan tudu. Ka rubuto mini irin kayan da mutum ke ɗauka zuwa birni. Yero bai zo ba.