Sunan Yayana da Aka Ɗora Mini

Kawu Dirjo, ka sani ko ba ka sani ba? Ranar da ka ɗora ni a keken shanu ka ce in je ubana yana kira, ka san abin da ake kirana in yi? Ka yi haƙuri, na fara da tambaya ban gaishe ka ba. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Allah ya sa ƙafar Inna ta yi sauƙi, ya sa shinkafar bana ta yi kyau, ya tsare ku daga ɓera da fari. Ni jikina lafiya lau. Rubutun nan da hannuna na yi shi, ɗan abin da Malam ya koya mana a masallaci, in ya gagare ka ka kai masa ya karanta maka, amma ku biyu kaɗai, kada Inna tana kusa.

Ka san tun ina ƙarami Inna take ba ni labarin yadda Sarki ya zo farauta dutsenmu ya gan ta, da yadda ranar ɗaurin aure shi bai zo ba, wuƙarsa ta keris aka kawo bisa matashi ta zauna a madadinsa. Yara suna ce mini ɗan wuƙa, ina dambe da su. To da manzo ya zo ya ce Sarki ya tuna da ɗansa, wallahi Kawu ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Da na iso aka haɗa ni da wani tsoho, Setro, wanda ya tsufa yana riƙe wa 'ya'yan sarki laima. Shi ya koya mini tafiya a tsugune, don a gaban Sarki ba a miƙewa. Gwiwoyina har suka kumbura. Kullum sai ya ce wannan ba tafiyar ɗan sarki ba ce, ta agwagwa ce mai neman wurin ƙwai, in sake. Harshen fada kuma har yau bai zauna a bakina ba, in na buɗe baki kuyangi sai su rufe nasu da gefen zane. Ɗaya ma ta ce fason ƙafata ya isa a dasa shinkafa a ciki. Duk ban damu ba. Sai wata safiya aka yi mini wanka, aka ɗaura mini zanen batik irin wanda talaka ba ya ɗaurawa, aka buga kiɗan fada na gamelan, aka buɗe laima mai zoben zinariya a kaina, aka ce daga yau ni ne Yarima Joyowiguno. Tun ranar ba wanda ya ƙara ce mini Parjan. Setro ya ce a fada suna tafiya yake da muƙami, in mutum ya hau sai ya ajiye nasa a ba na ƙasa da shi. Wannan sunan da aka ba ni na yayana ne, ɗan Sarauniya, wanda a ranar aka ƙara masa girma aka ba shi wani. Na yi kuka, Kawu. Na ce sunan ɗan Sarauniya da kansa, ni ɗan dutse?

Bayan haka na haɗu da yayan nawa a bargar dawaki da abokansa. Kyakkyawa ne, dogo, hannunsa bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce Joyowiguno ƙanena, sunan ya fi yi maka kyau. Ya tambaye ni wai ina cin kifi, na ce ba sosai ba, ya ce to in fara koyo. Ya ce wai jirgin ruwa yana sa ni amai, na ce ban taɓa ganin teku ba, abokansa suka riƙe ciki. Ni ma na taya su dariya, na ɗauka wasan wa da ƙane ne. Setro ne kaɗai bai yi ba.

Da rana ina cin shinkafa da soyayyen waken tempe sai Setro ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya ce yaro, Allah zai tambaye ni in na yi shiru. Wai kafin a aika kirana, yayana ya haɗu da Baturen gonar rake a wata siririyar hanya, dukansu bisa doki, Baturen ya ƙi kaucewa, yayana ya zabga masa bulala a fuska, ido ya mutu. Turawan Holan suka yanke cewa a kai Yarima Joyowiguno tsibirin Ambon, ba dawowa. Sarki ya roƙa, suka ƙi. Daga nan ne wani a fada ya tuna akwai wani ɗa can a dutse. Kawu, sai na ajiye kwanon. Na ce ai Razdan, babban Baturen da ke kula da ƙasar nan, ya san fuskar yayana, zai ga ba ni ba ne. Setro ya ce haba ɗan nan, mutumin da suke karta tare? Wai shi Razdan abin da yake so kawai ya gaya wa manyansa a Batawiya cewa mai wannan suna ya shiga jirgi, kuma ba ya son ɓatawa da Sarki yanzu da yake neman ƙarin ƙasa don rake.

Duk da haka ban yarda ba. Na ce ubana bai gan ni ba tukuna, in ya gan ni zai fasa. Jiya da safe aka kai ni gabansa. Suka shigo hannu cikin hannu shi da Razdan, yana ce wa Baturen baba, alhali ya girme shi. Ubana ɗan tsoho ne siriri, haƙoransa sun yi ja da taunar ganyen sirih. Kawu, kunnuwansa irin nawa ne sak, masu faɗin nan da kuke tsokanata da su. Na taho a tsugune ban yi kuskure ko ɗaya ba, na haɗa hannu a hanci irin gaisuwar fada. An gaya mini ba a magana sai Sarki ya tambaya, sai na jira tambaya. Razdan ya dube ni tun daga faso har kai, ya ce da murmushi, ashe wannan ne yariman mai zafin hannu? Ubana ya ce shi ne. Da kunnena na ji. Sannan ya juyo wajena, amma laimar da ke bayana yake kallo, ya ce an gaya masa ina da biyayya, ya ji daɗi. Bai tambaye ni komai ba. Bai ce yaya uwarka ba. Ina da magana cike da ciki, na kwana ina shirya ta, da na buɗe baki abin da ya fito shi ne ranka ya daɗe.

Katangar bayan barga ba ta fi ƙarfina ba, na hau itatuwan kwakwa da suka fi ta. Amma Setro ya ce ƙasar da ƙauyenmu ke kai ta Sarki ce, in na gudu, gonakinmu za a fara ba Turawa su shuka rake. Na tuna Inna da ƙafarta a gonar rake, sai na haƙura. Ba zan gudu ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Kawu, Rasinem mai kawo gishiri dutse, wadda za ta ba ka wannan takarda, ta ce mini in taya ka murna, an naɗa ka dagaci bayan tafiyata, har da laimarka. Na ce madalla. Sai na tuna ranar da manzo ya zo, kun daɗe ku biyu a bayan rumbu, da kuka fito ba ka dubi idona ba, kana ta gyara igiyar da ba ta kwance ba. Ni ban ce ka yi komai ba. Kai ka goya ni, kai ka koya mini huɗa. Wataƙila kai ma abin da aka gaya mini aka gaya maka. Amma in ka sani, don Allah ka faɗa mini, ko ta bakin Malam ne. Ba zan zage ka ba. So nake in san wa zan riƙa tunawa da daɗi a can.

Inna kuwa, ka ce mata an ba ni aiki a hayin teku, Sarki ya yaba da ni. Ai ya yaba, ba ƙarya za ka yi ba. Baunata ta huɗa ka ba abokina Sakiran, ya riƙa kai ta rafi kafin rana ta yi zafi, kada ya doke ta a hanci, ba ta mantawa. Ka gaishe mini da Goggo Painem, da Malam, ya sa ni a addu'a, da Sakiran da ƙannensa. Warsini ma ka gaishe ta, ka ce mata kada ta jira, amma ka bari sai bayan girbi.

An yarda Setro ya raka ni har tashar jirgin ruwa ta Semarang yana riƙe mini laima, don kada a ce an fitar da ɗan sarki kai a buɗe. Daga bakin jirgi shi da laimar za su dawo. Ni ne ɗanka Parjan. Ga sojoji can a tsakar fada suna ta kiran Joyowiguno, yayana yana tsaye a baranda ko waigowa bai yi ba, ba mai amsawa sai ni. Dole in tafi yanzu.