Kyautar Musabaƙa da Rabon Gwamnati

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya jikin Inna? Ni lafiya lau, ciwon bayan ne kawai yake ɗan tashi.

Gaskiya kuka ji, na ci dala dubu biyu a musabaƙar Alƙur'ani ta masallacinmu. Har na fara rabon tukuici, sai maƙwabcina Abdul-Karim ya ce a ƙasar nan kyauta ma ana biya mata haraji, kuma dole in sanar da ofishin da ke ba ni tallafin nakasa. Na sanar, suka tsayar da na wata guda. Na ware kuɗin haraji.

Ragowar na turo wa Inna. Kada ki yi mata wannan lissafin. Ki ce ɗanta ya zo na ɗaya, wannan kam ba a cire komai a ciki ba.

Ƙaninki Rilwanu,
daga Bronx