Uban da Na Dawo da Shi a Takarda

Filinge, watan Janairu

Yaya Magagi,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Hafsat da yara, da fatan sanyin Yamai bai tayar maka da ciwon ƙafa ba. Inna tana lafiya, sai mitar da ka sani.

Direktan lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa, ya sa in rubuta wa 'yan ajina labari. Rabinsu 'yan gudun hijira ne, amma littafin karatunmu ba komai ciki sai kyanwa da ƙwallo. Sai na rubuta labarin yarinyar da ubanta ya kai tumaki kasuwa, 'yan bindiga suka tare hanya, bai dawo ba.

Damuwata Nasiba ce, ɗiyar marigayi ƙaninmu Nafi'u, don tana cikin ajin. Tana Bonkuku wajen kakarta ta wajen uwa 'yan bindiga suka kashe shi, ba a maido ta ba sai da uwarta Balkisa ta fita takaba. Har yau abin da kuka ce a gaya mata shi ta sani, wai babanta na cin rani a Kwatano. Inna ta ce in na karanta labarin haka, kada in ƙara cin tuwonta, kuma na san bakinku ɗaya. To na bi ku, na sauya ƙarshen, uban ya dawo da tsaraba. Ni mai horon yara kan ƙarya! Raina bai kwanta ba.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Kubura

Filinge, watan Fabrairu

Yaya Magagi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan jiki lafiya, hankali ne a tashe.

Na karanta labarin. Yaran da aka kashe wa iyaye suka zuba mini ido, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Nasiba kuwa ta ɗauka saƙo na ba ta. Ta ce tunda Gwaggo ce ta rubuta, Gwaggo ta san Baba na hanya. Ta bi unguwa gida-gida tana yi wa mutane albishir. Ta sa Balkisa ta yi mata kitso, baiwar Allah tana kitson tana haɗiye kuka. Ranar kasuwa muka neme ta muka rasa, sai a tasha aka same ta tana leƙa motocin Baleyara, don ta can masu dawowa daga Kwatano ke biyowa.

Yaya, ban jira izininka ba. Na zaunar da ita gaban uwarta na gaya mata babanta ya rasu, na gaya mata yadda aka yi. Ba ta yi ihu ba. Ta tambaye ni ko ya ji zafi. Bakina ya buɗe zai ce a'a, na kama shi, na ce ban sani ba. Sannan ta yi kuka, mu ma muka yi.

Inna ta daina yi mini magana. Kai ma ka yi fushinka, na ɗauka. Amma Nasiba ta ce tana son ganin kabarin, kuma kai kaɗai ka je jana'izar, kai ka san wurin. Na ce mata za ka zo ka kai ta. Don Allah kada ka bari wannan ma ta zama ƙarya.

Allah ya jiƙan Nafi'u, ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Kubura