Sabon Tayil a Kabarin Baba

Talata, 14 ga Janairu

Alhamdu lillahi. Ba ta gidanmu jirgin zai bi ba.

Ni da hannuna na buga shafin yau, shafi na talatin da ɗaya a rahoton shekara, kuma sai da na karanta shi sau huɗu kafin na yarda da idona. Tun safe manyan kamfani suke zaune a kan hanyoyi biyu da za a tsawaita layin dogo: ko ta Titin Alaafia, wanda zai tsaga barandarmu gida biyu, ko ta bakin fadama. Fadama suka zaɓa. Shugabata Madam Fashina ta fito daga ɗakin taro ta ajiye min takarda, ta ce, "Monsurat, gyara taswirar nan, jan layin ya koma ƙasa." Ta wuce abinta. Ba ta san a wannan baranda Baba yake kwance shekara tara ba.

Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na gyara mata taswira.

Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, bari in faɗi gaskiya. Shekara guda cur ina yi wa kamfanin nan baƙin ciki. An ce sai fasinjoji sun kai miliyan goma sha biyu za a tsawaita layi, don haka kullum na ga tasha ta cika maƙil da safe sai raina ya ɓaci. Mutanen Legas ba su da ƙafa ne? Ina cin albashinsu ina fatan jirginsu ya tafi wayam. Sai ga shi sun kai miliyan goma sha huɗu, za a ƙaro taragu, za a gina tashoshi biyar. Allah Ya yafe min, Ya ƙara musu fasinja.

Saura kame baki. Mun sa hannu a takardar rantsuwa, ba mai furta hanyar sai ranar 6 ga Fabrairu da za a sanar. Bara abokin aikinmu Kolade ya tsegunta wa surukinsa inda za a yi tasha, kafin sati an saye filayen wurin kaf, shi kuma yanzu yana sayar da cajar waya a Oshodi.

Laraba, 15 ga Janairu

Na yi barci har na makara. Da rana malmalar amala biyu na tashi da ita, mai abincin har tambayata ta yi ko an ƙara min girma.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je gida ina ta murmushi ni kaɗai a hanya. Ashe wata sabuwa ke jirana.

Na tarar da mahaifiyarmu, Maami, a inda take kullum, a kan kujerarta gefen kabarin tana ɓarar agushi, amma idanunta sun kumbura. Yayana Boda Rasaki yana tsaye da takardu a hannu. Wai ya gama komai: ya karɓo izinin ƙaramar hukuma, ya yi magana da Alfa, malamin unguwarmu, ya samo masu haƙa, dangin Baba a garinsu Iwo sun riga sun haƙa rami. Ranar Asabar 1 ga Fabrairu za a tone Baba a kai shi can.

Kwana biyar kafin sanarwa. Kwana biyar!

Na ce, "Boda, a jira mana a ji abin da za su ce."

Ya ce, "A jira katafila? Kowa a titin nan ya ga masu awo bara, har a bakin rijiyarmu suka kafa ƙarfensu. Ke ba ki taɓa ganin rusau ba. Ni na gani. Na ga dattijo yana tsintar ƙasusuwan uwarsa yana zubawa a buhun shinkafa, direban yana masa hon."

Muryarsa ta karye a nan. Ban taɓa jin haka daga Boda ba, ko ranar jana'iza.

Da ya dawo daidai sai ya juyo kaina. "Ke dai kin iya shiru. Shekara shida kina aiki a wurin, ko tari ba ki taɓa yi mana ba." Na ce rantsuwa na yi. Ya ce, "Rantsuwa! Ubanki ne a ƙasan nan, ba uban kamfani ba."

Da wani ne da na ja shi gefe. Amma Boda dillalin filaye ne, abin da ya shiga kunnensa da hantsi kafin azahar ya zama ciniki. Maami kuma, Allah Ya ja kwananta, ba ta da sirri da maƙwabciyarmu Iya Bose, ita kuma Iya Bose ba ta da sirri da duk jihar Legas.

Maami ta ce ta amince. "Gara in ga an ɗauke shi a likkafani mai tsabta." Ta ci gaba da ɓarar agushi, tana zuba ɓawon a cikin ƙwaryar wanda ta riga ta ɓare.

Lahadi, 19 ga Janairu

Abin dariya, ni kaɗai ce a gidan nan hankalina kwance, kuma ni kaɗai ce ba ta da bakin magana.

Talata, 21 ga Janairu

Na kira Boda na ce a ɗaga da sati ɗaya kawai, aiki ya min yawa. Ya ce izinin na wata guda ne, Alfa kuma zai tafi Umara ranar uku ga wata. Sai ya ce a hankali, "Me zai faru cikin sati ɗayan, Monsurat?" Na ce ba komai. Wayo gare shi kamar ɓera, saura ƙiris in faɗa.

A ofis ana ta gyaran rahoto. Jirage sun zo a kan lokaci kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari, Madam na son a rubuta shi da manyan baƙaƙe. Na rubuta mata, har kala na sa masa.

Alhamis, 23 ga Janairu

A jirgi da safe, muna wuce kasuwar tayil, na tuna kusurwar kabarin da ta fashe tun damina biyu da suka wuce, inda ƙafar kujerar Maami ke zama. Kullum sai mu ce za a gyara.

Takardar da na sa wa hannu cewa ta yi kada in faɗa, kada in rubuta, kada in nuna taswira. Na sake karanta ta da azahar. Ba inda ta hana mutum gyara kabarin ubansa.

Asabar, 25 ga Janairu

An yi ta, ta ƙare!

Da sassafe na iso da kwalayen tayil a keke napep, fari mai ratsin kore, da Baba Ibeji mai sa tayil. Ban ce da kowa uffan ba. Ya fara ɓamɓare tsohon, ni ina miƙa masa ruwa. Maami ta fito da buta a hannu ta tsaya. Can sai ga Boda, wani ya kira shi.

"Kin haukace ne? Saura sati ɗaya a fasa wurin nan, kin kwaso sabon tayil?"

Na ce, "Kusurwar ce ta fashe."

"Kusurwa! Ke Monsurat, kanki ɗaya kuwa?"

Na ce wa Baba Ibeji ya daidaita layin can, ya ɗan karkace.

Maami ba ta dubi tayil ɗin ba, ni take duba. Ta daɗe tana dubana, irin duban da take min ina yarinya in nama ya ɓata a tukunya. Sannan ta ajiye butar ta ce, "Rasaki, kira Iwo ka ce su mayar da ƙasarsu."

Ya ce, "Maami, me ta ce miki? Ni ban ji ta ce komai ba."

Ta ce, "Ni na haife ta. Yarinyar da ke wanke ledar burodi ta shanya a igiya? Wadda ke yanka robar man goge baki ta kwashe na ciki da tsinke? Wannan ce za ta sayi tayil mai ratsi ta shimfiɗa wa katafila? Kai ma sai ka ce ba ƙanwarka ba."

Rowata ta yi rana yau. Shekara talatin da huɗu ana min gori a kanta.

Boda ya zauna a kan kwalin tayil ya rufe fuska da hularsa. Na ɗauka faɗa zai yi. Da ya ɗago sai ya ce, "To ta ina zai bi?" Na ce, "Wa?" Ya ce, "Allah Ya shirye ki." Ya tashi ya karɓi bokitin siminti daga hannun Baba Ibeji, har aka gama bai ajiye ba.

Maami ta dafa shinkafa da miyar kifi kamar ranar salla. Ta dafa sabon tayil ɗin ta ce, "Baban Rasaki, kwanta abinka, ba inda za ka."

Talata, 28 ga Janairu

Maami ta kira tana dariya. Iya Bose ta sa an yi wa shagonta fenti shuɗi. Mai kemis ya sauke allon "na sayarwa" da ya kafa tun bara. Tela na gaban masallaci ya sayo kwanon rufi. Wai duk titi an ce 'yar gidan Alhaja, wato Maami, da ke aikin jirgi ta sa tayil.

Ita dariya take, ni ina tuna takardar rantsuwa.

Alhamis, 30 ga Janairu

Madam Fashina ta kira ni ofishinta ta ce in rufe ƙofa. Na rufe.

Ta ce, "Injiniyanmu ya bi ta Titin Alaafia jiya, ya ce unguwar sai ƙamshin fenti. Can ne gidanku, ko?"

Na ce can ne, ranki ya daɗe.

"Wa kika faɗa wa?"

Na ce wallahi ban faɗa wa kowa ba. Na ba ta labarin duka, da izinin, da ramin Iwo, da tayil ɗin. Ta cire tabarau tana murza ido, ni kuma ina tunanin ko akwai sauran wuri kusa da Kolade a Oshodi.

Ta ce, "Wane kala?"

Na ce, ranki ya daɗe?

"Tayil ɗin."

Na ce fari mai ratsin kore. Ta ce, "Na mahaifina a Abeokuta baƙi muka sa, yana nuna ƙura, kullum sai an goge." Ta mayar da tabarau ta ce daga yau zuwa shida ga wata ko ƙusa na buga a bangon gidanmu, a bakin aikina. In tashi in ba ta wuri.

Na fito na sha ruwa leda biyu a tsaye.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau ce ranar da za a tone shi. Maami ta shanya barkono a baranda, kaji na ta damunta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An sanar. Babban ɗaki, 'yan jarida, lemo da cincin. Taswirata ce a bango, jan layin ya bi ta bakin fadama tiryan-tiryan. Aka tafa wa miliyan goma sha huɗu, aka tafa wa tashoshi biyar, ni ma na tafa har tafina ya yi ja. Boda ya turo saƙo: "Mai rowar baki." Ya haɗa da hoton Maami tana rawa da Iya Bose a tsakiyar titi.

Talata, 11 ga Fabrairu

An tura mu bakin fadama rubuta gidajen da layin zai ci, don biyan diyya. Ɗari da arba'in ne. Ni na buga adadin a rahoto tun watan jiya, ban taɓa zuwa wurin ba sai yau.

Fom ɗin yana da gurbin komai: ɗakuna, irin rufi, rijiya, shago, bishiyoyi. Gida na tara na wata mai ƙyafe kifi ne, Iya Senami, Ba'eguniya daga ƙabilar masuntan bakin ruwa, ba ta kai Maami tsufa ba. Ta ba ni benci, ta amsa duk abin da na tambaya. Na rufe fom zan tashi sai ta ce, "'Yata, kin rubuta kwakwa, kin rubuta rijiya. Shi fa?"

Na bi hannunta da kallo. Daɓen kabari ne na siminti a gefen murhun kifin, ba tayil, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Tun da na zauna ƙafata ke kansa.

Na janye ƙafar. Na duba fom gaba da baya, ba gurbinsa. Na rubuta a gefen takarda da ƙananan baƙaƙe.

Ban ci abincin rana ba. Zafi ne, ina jin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar Laraba na ƙara layi ɗaya a fom ɗin, ƙarƙashin bishiyoyi: kabari. Madam ta gani ta ce wa ya sa ni. Na ce rubutun gefe yana ɓata takarda ne kawai. Ta dube ni ta saman tabarau, ta sa hannu.

Hankalina a kwance yake har yanzu, ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Baba yana nan inda yake, ina kuma godiya. Yau ma ba ranar aiki ba ce, na koma fadamar ne don gidaje takwas na farko an cike su da tsohon fom, kuma ba na son aiki rabi da rabi. Zuwa yanzu kabari goma sha ɗaya.

Na biya ta wurin Iya Senami in sake nata a sabon fom. Adadi kawai layin ke nema, amma ta ce a sa suna. Whenu, mijinta, masunci, shekara shida da rasuwa. Ba ta iya karatu ba, sai ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Na karanta. Ta ce in sake.