Haƙorina Ba Zai Dawo Ba

Assalamu alaikum, Sule ƙanena. Rifkatu maƙwabciyarmu a nan unguwar Setapak ce ke rubuta mini, amma bakina ne. Ya gida, ya iyali, ya ƙafar Asabe? Mu lafiya lau.

Saƙonka ya iso, wai in karɓo haƙorin da aka cire mini daga hannun 'yata Hadiza a binne, kada a yi mini asiri da shi. To, ba zan karɓo ba. Ni na ba ta, aikinta ke nan a jami'a. Ta fasa shi ta ɗebo ƙwayoyin halittar da ke cikinsa, tana kiwonsu a kwalba cikin wani jan ruwa. Kwana uku-uku take canza musu ruwan, har ranar hutu. Malaminta ya ce na tsofaffi ba sa nisa, gajiya suke yi su daina yaɗuwa. Ta kai ni na leƙa ta madubinsu mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Wata huɗu ke nan, nawa suna ta cika kwalba, sai dai ta raba musu gida.

Haƙoran maigidana, Allah ya ji ƙansa, duk da su aka binne shi. Wa suka amfana? In nawa zai sa yarinyar nan ta gama karatunta, ta zo ta cire saura.

Ku sa mu a addu'a. Ka gai da Asabe da yara. Kai kuma Hadiza na bin ka ban haƙuri, tunda ka ce wasa take da naman uwarta. Ita za ka buga wa waya, ba ni ba.

Yayarka, Ladi