Gayyar Shaidu a Shagon Lukuman

Gwarzo, ranar Laraba

Zuwa ga Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya ruwan zafi? Ya yarinyar, tana barin ki barci kuwa? Ki gaida mini Baba da Inna da duk mutanen Garo. Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun da kika tafi wanka, tuwon bakin tasha kuma ko ƙafar naki bai kama ba.

Na ba Maikuɗi direba wannan takarda don na san wayarki tana wurin mai gyara, ga shi abin da ke raina ya ƙi jira.

Kin san Muryar nan da ke karanto mini abin da ke kan allon kwamfutar makaranta, wadda kike cewa tana Hausa kamar ta cika baki da ɗanwake mai zafi. To, makon jiya kwamfutar ta sabunta kanta, ba wanda ya sa ta. Tun ranar, Muryar tana karanta Hausa da Turanci yadda ta saba, amma da ta iso kan Larabci sai ta yi gum. Ba ta ƙara cewa uffan sai na kashe na kunna. Makarantar Islamiyya fa! Rabin tambayoyin jarrabawarmu aya ce da hadisi. Bugawa ba ta gagare ni ba, yatsuna sun san hanya. Amma makaho da kunne yake duba aikinsa, kuma ba zan miƙa wa yara aya ban ji ta da kunnena ba.

Lukuman mai shagon kwamfuta ya yi iya yinsa ya mayar da ita yadda take a da, ta ƙi. Malam Jibirin, shugaban makarantarmu, ya ce in ba ta gyaru kafin jarrabawar ƙarshen zango ba, dole ya ba wani makullin ɗakin kwamfuta. Kin san aikin nan shi ne abincinmu, ga tsadar da ake ciki, ga baƙuwar da Allah ya ba mu.

Don haka na kai ƙara wurin kamfanin da ya yi tsarin kwamfutar. Suna da shafin karɓar koke, har da sashe na musamman wai na masu larura irin tawa. Na shiga, Muryar ta yi ta cewa maɓalli, maɓalli, maɓalli, ba ko ɗaya mai suna. Sai da Lukuman ya gaya mini inda zan danna. Na yi musu bayani dalla-dalla, tun daga kunnawa har inda take ɗaukewa.

Jiya amsa ta zo. Sun gode mini ƙwarai, sun ce kokena yana da muhimmanci a wurinsu, sannan suka ce in turo musu hoton abin da nake gani a allo. Abin da nake gani, Fiddausi! Layin farko na rubuta musu cewa ni makaho ne. Allon lafiyarsa ƙalau, shiru ne ciwon, ta yaya ake ɗaukar hoton shiru? Wallahi takaici ya hana ni cin abincin rana.

Kada ki sa abin a ranki, ki dai sa mu a addu'a.

Naki,
Hambali

Gwarzo, ranar Asabar

Zuwa ga Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yarinyar, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, yajin ma ya iso, Allah ya saka da alheri. Maikuɗi ya ce kin yi ƙiba. Na ce masa wannan shaidar sai na tabbatar da ita da hannuna.

Kamfanin nan sun sake rubutowa. Na tura musu sautin da Lukuman ya naɗa mini, suka ce sun gwada a wurinsu ba su ga matsala ba. Na tambaye su ko da Larabci suka gwada. Maimakon amsa, sai ga irin godiyar nan ta farko, kalma ɗaya ba ta canza ba. Ina jin inji ne ma yake amsa mini, mutum ba zai yi wannan rashin kunya sau biyu ba. A ƙasa dai sun ce akwai wurin da wasu za su danna su tabbatar da koke, kuma koken da ya tara mutane shi ake fara dubawa.

Da na ji haka sai na ce ai wannan gayya ce. Mu da muke taruwa mu nome gonar mutum ɗaya, danna maɓalli ne zai gagare mu? Na aika Madadi wurin danginmu, na gaya wa liman, na gaya wa iyayen yara. Jiya bayan an sauko daga Juma'a shagon Lukuman ya cika har bakin titi.

Sharaɗi ɗaya na kafa. Ni ɗan gidan malamai ne, ba zan sa kowa ya yi shaidar zur ba. Na ɗauko kwamfutar makaranta na ajiye a tebur. Duk wanda ya zo sai ya sa iyafis a kunne, ya ji Muryar tana zuba Hausa, ya ji ta ɗauke a kan Bisimilla. Sannan Lukuman ya buɗe masa imel a kwamfutar shagon, shi kuma ya danna da yatsansa. Wani dattijo ya ce kunnensa ba ya ji sosai, bai tabbatar ba, na ce to ya haƙura, Allah ya ba shi ladan zuwa.

Har Gwaggo Uwaliya ta zo daga Madadi a bayan babur, da wannan kuɗin man da ake ciki. Ta saurara, ta cire iyafis ɗin ta ce, "La'ilaha illallahu, ashe abin ma ba ya son sunan Allah!" Na ce mata ba ƙiyayya ba ce, Gwaggo, sakaci ne. Ta ce ita duk ɗaya ne a wurinta, a nuna mata inda za ta sa hannu. Lukuman ya ƙona mansa a janareta har magariba, ya ƙi karɓar komai.

Rabon da in ji daɗi irin na jiya tun ranar suna. Yanzu sai mu ga ko za su ce garin nan kaf bai ji ba.

Ki shafa mini kan yarinyar.

Naki,
Hambali

Gwarzo, ranar Talata

Zuwa ga Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya yarinyar, ya su Baba? Ki yi haƙuri da shirun da kika ji. Maikuɗi ya zo har gida yana tambaya ko akwai saƙo, na ce babu, alhali akwai, bakina ne ya yi nauyi.

Sun rufe koken. Sun ce sun lura duk waɗanda suka tabbatar da shi daga kwamfuta ɗaya suka fito, a yini ɗaya, da sababbin imel, saboda haka shaidun na bogi ne, mutum ɗaya ne ya ƙirƙire su. Sun goge su duka, sun kuma hana ni sake kai koke.

Ban san yadda zan kwatanta miki ƙyamar da na ji ba. Su a tunaninsu kowane mutum yana da kwamfutarsa a ɗaka da wutar da ba ta ɗaukewa. Inda mutane suka taru a shago ɗaya, to maƙaryata ne. Liman na bogi ne. Gwaggo Uwaliya da ƙurar hanyar Madadi a zanenta ta bogi ce. Ni da na sallami dattijo don kada a yi ƙarya ko ta mutum ɗaya, ni ne mai haɗa shaidun zur. Da ma sun ce ba za su gyara ba, da ya fi mini sauƙi. Gwaggo ta aiko tana tambaya ko sun ji mu, na ce a gaya mata sun ji.

Jarrabawa ta matso, Muryar tana nan yadda take. Ranar Lahadi Malam Jibirin ya karɓi makullin ya ba Ya'u, ɗan ƙanwarsa da ya gama sakandare bana. Ban yi musu ba, yara ba za su zauna babu jarrabawa saboda ni ba. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a wuya. Ya dafa kafaɗata a gaban malamai ya ce, "Kada ka damu, Malam Hambali, na sa sunanka cikin masu karɓar zakkar hatsi. Dama irinku haƙƙinku ne, ba sai kun wahalar da kanku ba." Malamai suka yi ta sa masa albarka. Ni nake buga sunayen nan duk shekara, Fiddausi, ban taɓa kawowa a raina nawa zai shiga ciki ba.

Buhun hatsin ya iso jiya da la'asar. Na tsaya a zaure, maganar a mayar da shi tana bakina. Sai na tuna kun kusa yin arba'in, na tuna ɗakin ajiyarmu da na shiga na lalube shi da safe na ji shi wayam. Na matsa gefe, aka shigar da shi. Har godiya na yi.

Kada ki gaya wa Baba inda ya fito. Idan kun dawo, shi za mu ci.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya dawo mini da ku lafiya.

Mijinki,
Hambali