A kai wa Malam Gwadabe karsanata

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da Inna da mutanen Rurum duka. Ya ƙafar Goggo Khadijatu?

Muna dajin Abalak a Nijar, muna bin rugage muna duba ko agajin da aka raba lokacin fari ya amfani makiyaya. Ina nan ƙalau. Ruwan rijiyarsu ne bai karɓe ni ba, na ɗan rame, amma kada a gaya wa Inna.

Baffa, dusar dabbobi da aka raba agaji ta iso bayan shanu sun riga sun faɗi. Na tambayi wani dattijo abin da ya tsayar da gidansa. Bai ambaci buhu ko ɗaya ba. Sai ya nuna min wata jar saniya da amininsa ya ba shi aro, don ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙa, sannan ya mayar da uwar. Abokan aikina suka yi ta mamaki. Na ce musu a gidanmu na tashi na ga ana haka, ubana ma ya sha yi. Wallahi ranar kaina har ya fi rawanina girma!

Na ji ciwo ya share garken Malam Gwadabe na Lausu. Don Allah kada a jira wata ƙungiya. A kai masa karsanata tun kafin ya buɗe baki ya roƙa.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Zailani